Maki 85: yadda ake gwada takardar da ke auna tsoron naƙuda

A shekarar 1998 wasu masu bincike uku a ƙasar Suwidin, Klaas Wijma da Barbro Wijma da Margareta Zar, suka fitar da wata takarda mai tambayoyi 33, wadda ake kira W-DEQ a taƙaice. Aikinta shi ne auna tsoron da mace take ji game da haihuwa. Kowace tambaya tana da layi a gabanta mai lamba daga 0 zuwa 5, mace ta zagaye lambar da ta fi kusa da abin da ke ranta. Idan aka tara, mafi ƙarancin maki 0 ne, mafi yawa 165. Wadda ta kai 85 ana lissafa ta cikin masu matsanancin tsoro, wadda ta kai 100 kuwa ana ganin abin nata ya kai inda yake hana ta sukuni a harkokinta na yau da kullum. Takardar kashi biyu ce. Ɗaya ana cika ta tun da sauran lokaci, mace na hasashen yadda ranar za ta kasance. Ɗayar kuma sai bayan ta sauka, tana waiwayen abin da ya faru.

Tun daga lokacin takardar nan take yawo. An mayar da ita Turkanci da Japananci da Italiyanci da Farisanci, a nahiyarmu kuma an gwada ta da harshen Chichewa a Malawi da Swahili a Tanzaniya. Kusan duk inda ta sauka sai an sake zama an yi mata wani dogon aiki na tantancewa kafin a yarda da sakamakonta. Wannan aikin nake so mu warware, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an fassara takarda an buga, shi ke nan an samu ma'auni.

Wani zai ce, me ma za a auna, alhali kowace mace tana fargabar haihuwa? Gaskiya ne, amma fargaba suna ta tara. Akwai wadda take sa mace ta riƙa zuwa awo a kan kari, ta tanadi kayan haihuwa da kuɗin mota. Akwai kuma wadda take hana barci, ta sa mace ta nace sai an yi mata aiki alhali likita bai ga dalili ba, ko ta rantse ita da wani cikin har abada. Likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Ingila, Kristina Hofberg da Ian Brockington, sun yi bayanin wannan nau'i mai tsanani a shekarar 2000, bayan sun nazarci mata 26. A 2017 kuma wani nazari da ya tattara bincike-bincike daga ƙasashe daban-daban ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na masu ciki suna fama da matsanancin tsoron haihuwa. Abin kuma ba a zuci kawai yake tsayawa ba. Idan mutum ya firgita jikinsa kan saki sinadarin adirenalin, shi kuwa yakan iya rage ƙarfin matsawar mahaifa. Wani bincike da aka yi a Norwe, aka wallafa a 2012, ya bi mata 2,206 har suka haihu. Waɗanda suka kai maki 85 naƙudarsu ta fi ta sauran tsawo da kusan awa ɗaya da rabi, kuma ko da aka cire tasirin wasu dalilai irin su haihuwar fari, an samu ragowar bambanci na minti 47.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsoro ba shi da na'ura. Hawan jini a ɗaura wa mace abin awo a damtse a karanta lamba. Ƙarancin jini a ɗiba a kai ɗakin gwaji. Tsoro kuwa sai abin da mai shi ta faɗa, kuma abin da za ta faɗa ya danganta da yadda aka tambaye ta, da wanda ya tambaye ta, da wanda ke zaune a gefenta yana saurare. Saboda haka duk takardar da ta ce tana auna shi sai ta amsa tambaya biyu. Ta farko: idan aka maimaita awon, sakamakon yana tsayawa ko yana rawa? Ta biyu: abin da ta ce tana aunawa, shi ɗin take aunawa? Mutane kan haɗa su wuri ɗaya, alhali hanyarsu daban. Mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, duk ranar da aka auna da shi adadi ɗaya zai bayar, ba ya taɓa sauya baki, amma kullum cikin tauye mai saye yake. Ya ci jarrabawar farko, ya faɗi ta biyu.

Aikin yana farawa ne tun kafin a rubuta tambaya ko ɗaya, da yanke shawarar mene ne ainihin abin da ake bi. Akwai macen da ɗabi'arta ce zullumi, komai ƙanƙantar abu sai ya tsaya mata a rai, da ciki ko babu ciki. Akwai wadda ba ta da wannan, amma maganar ɗakin haihuwa kaɗai ke tsinka mata zuciya. Akwai wadda baƙin ciki ne ya danne ta, wanda shi ma yana da tasa takardar, mai tambayoyi 10, da John Cox da abokan aikinsa suka fitar a Edinbura a 1987. Abubuwan nan uku suna yawan haɗuwa a jikin mutum ɗaya, amma takardar da ba ta iya bambanta su ba za ta riƙa aika mata wurin taimakon da ba nasu ba.

Lokaci ma yana sauya abin da ake aunawa. Tsoron wata bakwai hasashe ne. Tsoron da ake tambaya bayan kwana biyu da haihuwa tuni ne, kuma tunin mai jego ba ya da tabbas: idan jariri ya zo lafiya, ana ta shigowa barka, sau da yawa wuyar da aka sha takan ragu a idonta, idan kuma an rasa shi komai na ranar sai ya koma baƙi. Tsakanin waɗannan biyu akwai tsoron da ake ji ana kan gwiwa, kuma babu mai hankalin da zai miƙa wa macen da ciwo ke murɗawa takarda mai tambaya 33. Shi ya sa a 2002 Klaas Wijma da Barbro Wijma da Siw Alehagen suka fitar da wata gajeruwa mai jimla 10 kacal, wadda ungozoma za ta iya karanta wa mace tsakanin tasowar ciwo da tasowar na gaba, ita kuma ta faɗi lamba daga 1 zuwa 10. Irin wannan gajeruwar tana da nata sharuɗɗan gwaji, zan dawo kansu.

Bayan an san abin da ake bi, sai a duba ko tambayoyin sun game shi. A ƙa'ida akan tara ƙwararru, likitocin mata da ungozomomi da masana halayyar ɗan'adam, kowa ya ba kowace tambaya maki daga 1 zuwa 4 gwargwadon yadda yake ganin ta shafi batun. Idan mutum goma ne, ana so aƙalla takwas su ba ta 3 ko 4 kafin a bar ta. Wannan mataki yana da amfani, sai dai yana da gurgun gefe: ƙwararru suna iya cewa tambayar da ke kan takarda ta dace, amma ba kasafai suke lura da wadda babu ita sam ba. Wannan sai matan da kansu.

A Ingila ma, inda ba a yi nisa da Suwidin ba, an ci karo da haka. Pauline Slade da abokan aikinta a Jami'ar Libaful sun zauna da mata masu tsoron haihuwa da ungozomomi, suka tambaye su abin da ke tsorata su a zahiri, sannan suka ba mata takardun da ake da su su karanta su faɗi abin da suka fahimta. Sai aka ga wasu kalmomin suna rikita su, wasu abubuwan da suke tsoro kuma babu su a ciki. Ƙarshe sabuwar takarda suka rubuta.

To, a ɗauka yau wani zai kawo W-DEQ ƙasar Hausa. Idan ya zauna da mata a layin awo ko a gidan suna ya ce me kuke tsoro, zai ji zubar jini da rashin wanda zai ba da jini. Zai ji jijjiga. Zai ji doguwar naƙudar da ke barin mace da yoyon fitsari. Zai ji tsoron a ce sai an yi aiki alhali babu kuɗin, da tsoron ciwo ya tashi cikin dare babu mota, ko maigida ya yi tafiya babu mai ba da izinin fita. Zai ji tsoron ƙari da ɗinki. Zai ji tsoron tsawar malaman asibiti, da tsoron namiji ya duba ta. Wannan na tsawar ba ƙorafin banza ba ne: binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a Najeriya da Ghana da Gini da Myanmar, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da aka bi sun fuskanci wulaƙanci a ɗakin haihuwa, daga zagi da tsawa har mari. Takardar Suwidin ba ta tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan kai tsaye ba. Tambayoyinta sun fi karkata ga yadda mace take hasashen za ta ji a ranta: ƙarfi ko rauni, kaɗaici, alfahari, amincewa da kai, ko za ta rasa iko da kanta idan ciwo ya kai maƙura. Tambayoyi ne masu kyau. An dai rubuta su ne don macen da ta san motar asibiti za ta zo idan an kira, kuma akwai jini a ajiye.

Sai fassara, wadda ita ma tana da tsari. Mutum biyu su fassara daban-daban ba tare da sun ga aikin juna ba, ɗaya ma'aikacin lafiya, ɗaya kuma wanda bai san komai game da binciken ba. A haɗa su a fitar da guda. Sannan wasu daban, waɗanda ba su taɓa ganin ta asali ba, su mayar da ita harshen da aka ɗauko ta, a kwatanta a ga inda ma'ana ta zame. Richard Brislin ne ya shahara da wannan dabara tun 1970. Tana kama kurakurai, amma tana iya ba da tabbacin ƙarya, domin fassarar da ta bi kalma bayan kalma ita ce ta fi komawa gida daidai, kuma ita ce matar ƙauye ta fi kasa ganewa. A cikin W-DEQ akwai tambayoyi kusan huɗu da ke zagaye abu ɗaya: kaɗaici, da jin an gudu an bar ki, da jin an yasar da ke, da makamancin haka. Idan mai fassara ya matsa sai ya samo wa kowace kalmarta, zai ƙare da Hausar da ba a ji a tsakar gida. Idan kuma ya sassauta, mace za ta ji ana maimaita mata tambaya ɗaya sau huɗu, ta fara amsawa don a sallame ta.

Matakin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne zama da mata goma ko ashirin ɗaya bayan ɗaya, a karanta tambaya, a saurari amsa, sannan a tambayi yadda aka yi aka kai ga amsar. Kwatanta irin wannan zama. Mai tambaya ta ce, "Maman Abba, idan kin tuna ranar da za ki haihu, kina jin za ki kasance ke kaɗai?" Ita kuma ta ce, "A'a, Sista, ai Inna na nan, ga facalata ma ɗakinta na kallon nawa." A lissafin maki wannan 0 ne, babu kaɗaici. Amma idan mai tambayar ta ƙara da cewa, "To a cikinsu wa za ki iya gaya wa kina jin tsoro?" sai a yi shiru, can ta ce, "Wannan kuma ai ba a faɗa." Tambayar ta auna yawan mutanen gidan, ba ta taɓa abin da aka aike ta ba. Babu lissafin kwamfuta da zai tono wannan, domin mata ɗari uku za su iya yi wa tambayar fahimta iri ɗaya, lambobin su fito tsaf.

Tambayoyi biyu na ƙarshe a takardar sun fi wannan nauyi. Suna tambayar mace ko a cikin watan da ya wuce tunani ya zo mata cewa ɗan zai mutu ko zai ji rauni wajen haihuwa. A wurinmu wannan mugun baki ne. Amsar da za a fi samu ita ce "A'uzubillahi", kuma mai yiwuwa daga nan hirar ta lalace. Ba a cire irin wannan tambaya haka kawai, don tana cikin masu nuna tsoro mai zurfi. Akan sake mata shiga: a fara da cewa mata da yawa sukan ce wani lokaci mugun tunani yakan faɗo masu game da lafiyar abin da ke cikinsu, ba da son ransu ba, ke ma hakan na faruwa da ke? Amma da zarar an sauya ta haka, ta zama sabuwar tambaya, dole ita ma a gwada ta.

Ga kuma kunya. Mai cikin fari a al'ada ba ta ma cika ambaton cikin ba, balle ta zauna tana lissafa abin da take tsoro. Wadda ta haihu ba a ji muryarta ba ita ake yabo. Ga tawakkali: mace na iya jin cewa furta tsoro kamar nuna ƙarancin dogaro ga Allah ne, sai ta ce "Allah na nan" ta rufe maganar, alhali ta kwana tana juyi. Ga girmama mai farin kaya, wanda ke sa a ce "e" ga duk abin da ta tambaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana jan maki zuwa wani gefe, kuma mai binciken da bai lura ba zai fito ya sanar da duniya cewa matan Hausawa ba sa tsoron haihuwa. Maganin wani ɓangare na abin yana cikin tsarin tambayar: kada wadda za ta karɓi haihuwar ta zama ita ce mai tambaya, kada a yi a gaban suruka ko miji, kada a yi a kan benci inda ta kusa ke miƙa kunne. Wasu kan ba da shawarar a koma ga alamomin jiki, kamar rashin barci da faɗuwar gaba, tunda su an fi sakin baki a kansu. Akwai hikima a ciki, amma da tarko: mai tsohon ciki ko ba ta tsoron komai barcinta ba ya daɗi, numfashinta ma sama-sama yake. Masu takardar Edinbura da gangan suka kauce wa alamomin jiki saboda wannan dalili. Dole tambayar ta ce rashin barci saboda tunanin haihuwa, ba rashin barci kawai ba.

Layin nan na 0 zuwa 5 shi ma ba kowa ya saba da shi ba. Wadda ba ta yi boko ba karanta mata za a yi, kuma takardar da aka gwada a kan masu cikawa da hannunsu ba a gwada ta a kan masu amsawa da baki ba. Abin ya ƙara cakuɗewa saboda a wasu tambayoyin 0 ne ke nuna tsoro, a wasu kuma 5, an juya su da gangan don kada a riƙa amsawa ido rufe. A wuraren da karatu ya yi ƙaranci wasu masu bincike kan nuna hoton mazubai, daga wanda babu komai a ciki har wanda ya cika, mace ta nuna da yatsa. Akwai kuma hanyar da Helen Haines da abokan aikinta suka fitar a 2011, suka gwada a Suwidin da Ostireliya: tambaya ɗaya ce game da yadda mace take ji yanzu kan haihuwar da ke tafe, da layi biyu masu tsawon milimita 100, ɗaya daga natsuwa zuwa damuwa, ɗaya daga rashin tsoro zuwa tsananinsa. A asibitin da ungozoma ɗaya ke duba mata da yawa a yini, wannan ta fi kama da abin da zai yiwu. Amma tana gaya maka akwai tsoro ne kawai, ba ta gaya maka na mene ne ba.

Sai bayan duk wannan ake zuwa lissafi, wanda shi ne ya fi cika shafukan rahotanni. Akan ba mata da yawa takardar, bisa al'ada mutum 5 zuwa 10 ga kowace tambaya, wato 165 zuwa 330 ga mai tambaya 33. Lambar da aka fi tallatawa ita ce alfa, wadda Lee Cronbach ya bayyana a 1951. Tana nuna yadda tambayoyin ke tafiya tare, kuma ana so ta kai 0.7 ko sama. Ta W-DEQ takan kai wajen 0.9. Ni dai ba ta cika burge ni ba, domin yawan tambayoyi kaɗai yana ɗaga ta, maimaita tambaya ɗaya da kalmomi daban-daban ma yana ɗaga ta. Akan kuma sake ba wasu matan takardar bayan kamar mako biyu a ga ko makinsu ya tsaya. Wannan yana da ma'ana ga takardar lokacin ciki. Ga gajeruwar nan ta cikin naƙuda kuwa ba shi da ita, tunda tsoron da ake ji bakin mahaifa ya buɗe santimita uku ba dole ya zama daidai da na santimita takwas ba. Ita ana so ne ma ta motsa idan yanayi ya motsa, misali makin ya sauka bayan an ba da maganin rage zafi ko an shigo da wadda mace ta yarda da ita.

Lissafin da ya fi tona asiri shi ne wanda ke duba yadda tambayoyi ke rarrabuwa rukuni-rukuni bisa amsoshin mata. Masu W-DEQ sun gina ta a kan cewa abu ɗaya take aunawa, shi ya sa ake tara makin duka wuri guda. Da aka gwada a Ingila a 2002 sai tambayoyin suka rabu gida huɗu: tsoro, da rashin ɗokin ranar, da kaɗaici, da ganin haɗari. A Norwe a 2011 gida shida aka samu. A wasu ƙasashen sai da aka zubar da tambayoyi kafin lissafin ya zauna. Ma'anar wannan a aikace ita ce mata biyu na iya samun maki 85 ta hanyoyi mabambanta. Ɗaya firgici ne ya kai ta can. Ɗayar kuwa ba ta firgita sosai ba, sai dai ba ta hango wani farin ciki ko alfahari a ranar, wataƙila saboda haihuwa ta tara ce kuma ta gaji. Lamba ɗaya ta haɗa su, bukatarsu ba ɗaya ba.

Akwai wasu gwaje-gwajen da ake yi cikin sauri. Makin ya kamata ya yi tafiya tare da na takardar auna damuwa ta gaba ɗaya, amma kada su zama kamar abu ɗaya, in ba haka ba sabuwar ba ta da aiki. Kuma ya kamata ya iya raba rukunan da aka riga aka san sun bambanta: masu cikin fari galibi sun fi waɗanda suka saba yawan maki, haka wadda aka taɓa yi wa aikin gaggawa ko ta sha baƙar wuya a haihuwar baya.

Yanzu maganar 85 ɗin kanta. Layi ne da aka ja, kuma yadda ake jan sa shi ne a sa ƙwararre ya zauna da kowace mace ya yi mata cikakkiyar hira ba tare da ya ga makinta ba, ya yanke ko tsoronta ya kai na neman taimako, sannan a duba wane maki ne ya fi raba waɗanda ya ce e da waɗanda ya ce a'a. Duk inda aka ja shi akwai asara. Mu yi lissafi na misali. A ce mata 1,000 ne, 100 daga cikinsu na da matsanancin tsoro da gaske. A ce takardar tana kama 90 cikin kowace 100 masu matsalar, tana kuma wanke 80 cikin kowace 100 marasa ita, wanda a wannan fage ba mummunan sakamako ba ne. Za ta kama 90 na gaske, 10 su kuɓuce. Cikin 900 da suka rage kuwa za ta nuna 180 bisa kuskure. Ke nan mata 270 za a tura ganin mai ba da shawara, kuma biyu cikin kowace uku ba su ne ake nema ba. Idan aka ɗaga layin don a rage cunkoso, waɗanda ke kuɓucewa su ƙaru. Ko a ƙasashen da suka daɗe da amfani da takardar ba a tsaya kan lamba ɗaya ba: wani babban gwaji a Ostireliya da 66 ya yi aiki, wani a Finlan da 100. Wanda ya ɗauko 85 daga Suwidin ya dasa a Gusau ko Maraɗi ba tare da ya yi wannan hirar kwatancen ba, aro ya yi, bai auna ba.

Akwai kuma abin da ya fi lissafi zurfi. A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020, mata 1,047 ke mutuwa a Najeriya cikin kowace haihuwa 100,000, a Suwidin kuwa kusan 5. Ɗaya daga cikin tambayoyin W-DEQ tana tambayar mace yadda take ganin haɗarin lokacin da ɗan zai fito. Matar Suwidin da ta ce haɗarin ya kai ƙarshe, akwai yiwuwar tsoronta ya zarce gaskiyar halin da take ciki, kuma hira da ungozoma na iya sauke mata shi. Matar da ke ƙauyen da babu asibiti kusa, wadda ta ga yayarta ta tafi ta dalilin zubar jini, idan ta ba da amsa iri ɗaya ba ta yi ƙari ba. Ba banza ake cewa mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira ba. Takardar da za ta yi aiki a nan sai ta iya raba tsoron da ya kama hankali ya hana rayuwa da tsoron da ke bayyana halin da ake ciki, don na farko lallashi da ilmantarwa yake bukata, na biyu kuwa mota da jini da ma'aikaci a bakin aiki.

Wajen zaɓen matan da za a gwada takardar a kansu ma akan yi tuntuɓe. Ya fi sauƙi a je asibitin koyarwa a babban birni a tsaya a sashen awon ciki. Amma binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kaɗai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 16. Mai yiwuwa ne wadda ta fi kowa tsoron ɗakin haihuwa ita ce ba za a taɓa gani a layin ba, tsoron ne ma ya zaunar da ita a gida. Sakamakon da aka samu daga matan birni masu zuwa awo, a kansu yake aiki, kuma ya kamata rahoto ya faɗi hakan ƙarara. Haka takardar da aka daidaita da Hausar Kano tana bukatar a sake karanta ta a gaban matan Sakkwato ko Damagaram kafin a ce ta gama gari.

Gwaji na ƙarshe shi ne ko takardar na iya ganin sauyi idan an yi wani abu. A Suwidin asibitoci da yawa suna da tawagar ungozomomi na musamman, da aka fi sani da Aurora, waɗanda ake tura mai matsanancin tsoro wurinsu. A babban gwajin nan na Ostireliya da ya yi aiki da maki 66, wanda aka wallafa a 2014, ungozomomi sun yi wa mata hira ta waya sau biyu a lokacin ciki, kuma makin waɗanda aka yi wa hirar ya sauka fiye da na waɗanda ba a yi wa ba. Takardar ta ga sauyin saboda abin da aka taɓa yana cikin abin da take tambaya. A ce wani asibiti a nan ya bi shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018, ya bar kowace mai naƙuda ta shiga da wadda ta zaɓa ta zauna kusa da ita, ya sa labule tsakanin gadaje, ya hana tsawa. Idan aka zo auna tasirin wannan da takardar da babu tambaya ko ɗaya a cikinta kan yadda ma'aikata ke mu'amala da mace, makin na iya motsawa kaɗan ko ya ƙi motsawa, a rubuta rahoto cewa gyaran bai yi amfani ba, a janye kuɗin.